Gonar Nafi'u a Sabuwar Ƙasa

Tun ranar da na dawo daga Madawa ta ƙasar Nijar ba ku bar ni na huta ba. In ina wurin faci, sai wani ya jingine mashin ya ce, "Lawwali, wai da gaske cikin wasan ga mutum na hawan tsuntsu?" In na je shan shayi, wani ya miƙo mani wayarshi in duba ko za ta ɗauka. To ga shi, za ni faɗa maku sau ɗaya, tun daga fita har dawowa, don Allah bayan wannan kowa ya ƙyale ni. Kuma ku sani tun yanzu, ni ba jin daɗi ya kai ni ba. Ƙanena na tafi nema.

Waɗanda munka taso tare a Tsamaye sun san Nafi'u, autan Inna, dogon nan mai dariya kamar ba shi da damuwa. Bayan mutanen daji sun kashe Baba cikin gona, munka kwaso munka dawo nan Sabon Birni, gidan aro. Ranar da munka gudo, Inna ba ta ɗauko ko tabarma ba, sai 'yar tukunyar da take ajiye irin gero. Ko lokacin da yunwa ta matsa mana ba ta yarda an taɓa shi ba, ta ce na shukar Nafi'u ne in an koma gida. Ni na kama faci na haƙura. Shi kuwa zama ya gagare shi, don yaron ga manomi ne har cikin ƙashi, in damina ta faɗi bai riƙe kalme ba sai ya yi ta zagaye gida kamar mai zazzaɓi. Da ya gaji, ya bi 'yan haƙar zinari can arewa da Agadas.

Kun san halin da muke ciki da sabis. Sai mutum ya sa layin Nijar, ya hau tudun bayan gari, ya ɗaga waya sama yana addu'a. Da haka saƙonnin muryarshi ke shigo mani. Na ƙarshe har yanzu yana cikin wayata, na haddace shi. Ya ce, "Yaya, an buɗe wani sabon wasa cikin waya, duniya guda ta, mu nan muna ce mata Sabuwar Ƙasa. Wallahi na samu gona ciki! Babu mai amsar haraji, babu mai koro ka. Ka saukar da shi ka biɗe ni, sunana Ɗan Tsamaye. Ka zo ka ga shuka." Na yi dariya na ce zinari ya taɓa ƙwaƙwalwar yaron ga. Ban ma ba shi amsa a kan wasan ba, na ce dai ya riƙa sallah a kan lokaci.

Daga nan shiru. Lambarshi ta daina shiga. Masu dawowa daga can, wannan ya ce rami ya rufta da wasu, wancan ya ce ayarinsu ya ƙara gaba Aljeriya, babu wanda ya ce ya gan shi da idonshi, rayayye ko matacce. Kullum da safe, kafin in gama gaishe ta, Inna za ta ce, "An ji wani abu?" Abinci kuwa sai ta tsakura ta ture kwano. Ina nan ina kallonta tana ƙarewa, sai wani malamin makaranta da na yi wa faci ya ce mani irin wasannin ga, in mutum na raye yana shiga, za ka iya iske shi ciki. Sabis ɗin tudu bai iya ɗaukar wasan, kowa ya ce sai Madawa.

Munka tashi ranar kasuwa da hantsi, don ranar ce hanya ke da mutane. Ɗan Jumma ya ɗauke ni, ɗan kabu-kabun nan mai jigilar albasa tsakaninmu da tsallake. Inna ba ta gane zancen wasa ba, na ce mata dai akwai wurin da ake ganin mutane cikin waya. Ta ƙulla mani ƙuli-ƙuli a leda, ta ce, "In ka gane shi, ka ce mashi ban yi hushi ba. Shi dai shi yi magana."

Hanyar ba sai na ba ku labarinta ba. Gonaki dama da hagu, ciyawa ta kai ƙirji, ka wuce ƙauye babu hayaƙi, babu ko carar zakara. A wani kwari Ɗan Jumma ya kashe inji munka riƙa turawa, kowa bakinshi na motsi. Muna haurawa tayar baya ta sace. Ɗan Jumma ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi, da mai faci nike tahe." Ni kuwa ko gam ban ɗauko ba. Zagin da na sha a wurin, cikin raɗa don kar a ji mu, ban taɓa shan irinshi ba. Muna cusa ciyawa cikin tayar sai ga wani dattijon Bafulatani ya ɓullo, sanda bisa kafaɗa, babu saniya ko ɗaya gabanshi. Gabana ya faɗi, shi ma na ga nashi ya faɗi. Da munka gaisa ya ce nashi garken ma an kore tun bara, yanzu yana tafiya ne wurin 'yarshi. Ya ba mu ruwa daga gorarshi, ya riƙe mana mashin har munka gama.

Iyakar kuwa ganga ce da igiya ƙarƙashin wata bishiya. Jandarma ya karɓi katina na shaida ya juya shi, ya ce mi ya kawo ni. Na ce sabis. Ya ce, "Rezo kake nufi. Na kasuwanci?" Na ce a'a, wasa za ni saukarwa. Ya dubi furfurar gemuna, ya kwashe da dariya, har ya kira ɗan'uwanshi ya zo ya ga magidancin da ya ratso daji don wasan waya. Da na ce masu ƙanena ne ya ɓace, wasan ne kaɗai inda ya bar mani sawu, sai dariyar ta tsaya. Ya miƙo mani katin ya ce Allah shi sa a dace, ya sauke igiya.

Madawa warin albasa za ta fara gaishe ka da shi. Burodinsu dogo ne mai tauri, ranar farko sai da ya yanke mani dasashi, su kuwa suna tsoma shi cikin kofi, da suke ce ma kafe, suna lumshe ido. Amma ba wannan ya tsaya mani a rai ba. Mutane na gani zaune sun ba hanya baya, mashina na wucewa da gudu babu mai waiwayawa. Na ga mata su kaɗai sun nufi gona da kwandunansu. Na tsaya ina kallonsu har Ɗan Jumma ya ja hannuna, don na manta rabon da in ga haka.

Ya kai ni shagon wani mai gyaran waya kusa da tasha, Baba Wasiyu, Bayarbe ne amma haifaffen garin. Yana ɗago kai ya ga tsagar fuskata sai ya ce, "Kai, yau na yi sa'a, bawana ya kawo kanshi! Bagobiri, ɗauki tsintsiya." Na ce, "Ubangidanka ya zo, ba ka tashi ka ba shi kujera?" Kun san wasan barkwancin da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Ya yi ta dariya, amma da na kunna mashi muryar Nafi'u sai ya bar dariyar, ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi wayata ya ce wannan ko hoton wasan ba ta ɗauka, ya jawo wata tsohuwa mai fasasshen gilashi daga aljihun tebur ya ce in yi aiki da ita. Masauki kuma ya ce ga barandar shago, ga tabarma. Matarshi ke aiko mana da tuwo da rana, miyar ja wur da barkono, ina ci ina hawaye, yana cewa ai ya san Gobirawa ragwaye ne.

To ga wasan da kuke ta tambaya. Shiga ma kanta aiki ce. Da yake sabo ne duniya duk ta taru a ƙofa, sai ka bi layi, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, kana gab da shiga janareto ya mutu. In ka samu shiga, ba a barin ka wuce sai ka ƙera kanka. Za a tsayar maka da mutum daga shi sai bante, a ce zaɓi irinka: akwai masu dogayen kunnuwa, akwai gajeru masu gemu har cibiya, akwai masu ƙaho. Na ce a bar ni yadda Allah Ya yi ni. Sai sana'a, mai takobi ko mai baka ko mai magani ko matsafi. Baba Wasiyu ya ce matsafi ya fi ƙarfi, na ce a'uzu billahi, ko cikin waya ban yin tsafi. Na tambaya ina manomi. Ya ce babu, sai ka yi yaƙi ka yi girma kafin a bar ka ka isa inda gonaki suke. Na ɗauki takobi ba don ina so ba. Wurin zaɓen fuska na ga wani tabo mai layuka daga gefen baki zuwa kunne, ya ɗan yi kama da namu. Na san ko rantsuwa na yi ba ni kaffara, shi Nafi'u ya zaɓa, ni ma na sa shi.

Gaskiya ɗaya ce, wurin yana da kyau. Ciyawa na kaɗawa, ruwa na gudu har kana jin ƙararshi, kuma da gaske akwai masu hawan tsuntsu, na gan su suna wucewa sama. Amma mutanen ƙasar ba su da tarbiyya ko kaɗan. Kowa gudu yake yana tsalle, a bangaje ka a wuce. Na rubuta wa mutum nawa sallama, babu wanda ya amsa. Na iso ƙofar wani gida na tsaya, Baba Wasiyu ya leƙo ya ce, "Mi kake jira? Shiga ka fasa tukwane, akwai kaya ciki."

Na ce, "Tukwanen wa?"

Ya ce, "Na mai gidan."

"Shina ina?"

"Ga shi nan tsaye gefen murhu."

Wallahi ga mai gida tsaye yana murmushi, mutane na shiga da takalmi suna buɗe akwatunanshi suna kwasa. Na ce ni ban iyawa. Na san masu shiga gidan mutane hakanan, na ga aikinsu da idona. Baba Wasiyu ya ce to haka za ni zauna matsiyaci, kuma haka na zauna, har na bar wasan takobin farko ke hannuna.

Akwai wata tsohuwa a bakin ƙauyen da ake farawa, ba mutum ba ce, cikin wasan aka gina ta. Tana kuka wai mahara sun kore mata awaki. Na ji tausayinta na bi sawu, na sha wuya na kwato su na kawo mata, ta yi godiya ta ba ni takalmi. Ban yi nisa ba na waiwaya, sai na ji tana yi wa wani kukan nan dai, awakin nan dai. Su maharan kuma lokaci-lokaci suke afka wa ƙauyen, su cinna wa rumbuna wuta, mutane su yi ta murna suna rugawa don a nan ake samun girma. Kafin ka sha ruwa wutar ta mutu, rumbuna sun miƙe cike da hatsi kamar ba a yi komi ba.

A irin wannan harin aka fara kashe ni. Ina tsaye bakin wata gona ina neman inda ake danna gudu, wani ya zo ta baya ya sare ni. Fuskar wayar ta yi toka-toka, ga mutumina kwance rub da ciki tsakanin kunya biyu. Na ajiye wayar. Baba Wasiyu yana dariya ya ce, "Danna nan, Bagobiri, yanzu za ka tashi bakin rijiya." Da ya ga ban motsa ba ya dube ni da kyau. Na ce mashi haka munka iske Baba. Ya rage ƙarar rediyonshi, ya danna mani da kanshi, sai ga ni tsaye bakin rijiya, ko ƙura babu a rigata. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tashin ba. Ranar ban ƙara taɓa wayar ba sai bayan la'asar.

Tsakanin ƙauyen da ƙasar gonaki akwai gada, wani ƙaton dodo na tsaronta, mutum ɗaya bai iya shi. Sai ka roƙi ayari su ɗauke ka. Wasu su dubi takobina su kore ni, wasu su ɗauke ni in mutu tun farkon faɗa su bar ni a nan. Wani lokaci ma ƙasa ke buɗewa in zurma ba dalili, Baba Wasiyu ya ce sabon gini ne, ba su gama gyara ba. Na yi kwanaki a kan gadar ga, ƙuli-ƙulin Inna ya ƙare, idona ya yi ja. A ƙarshe wasu masu ƙaho sunka kashe dodon don kansu, ni kuwa na laɓe bayansu na sulale na ƙetare.

Can akwai inda ake rubuta sunan mutum a nuna maka gonarshi. Na rubuta Ɗan Tsamaye, sai kibiya ta fito. Na bi ta ina ratsa gonakin mutane, kowa ya shuka abu iri ɗaya reras daga farko har ƙarshe. Ina hawa wani ɗan tudu na hango ta, tun kafin kibiyar ta tsaya na san ita ce. Gicci ya yi. Ga waɗanda ba su yi noma ba, shi ne ka jera gero, ka ratsa shi da layin dawa a gicciye, ka sa wake a ƙarƙashi. Hatsin wasan ba namu ba ne, amma ya nemo masu kama ya jera su yadda Baba ya koya mana. Ya bi iyaka da wata doguwar ciyawa kamar gamba. Har kusurwar gabas ya bari fili, inda a gonarmu ta Tsamaye muke shimfiɗa buhu mu yi sallah.

Kuma gonar kore shar. Babu ciyawa ko ɗaya, ƙasar ta yi baƙi da danshi, an ba ta ruwa bai daɗe ba. Baba Wasiyu da kanshi ya taɓa gaya mani shukar wasan bushewa take in an kwana biyu ba a kula ta ba. Manoman cikinku, ku gaya mani, in kun wuce gona kun gan ta a nome, a jiƙe, mi za ku ce game da mai ita? Na yi kabbara har masu jiran caji sunka firgita. Na fita da gudu babu takalmi, na iske Ɗan Jumma a tasha yana ɗaure buhunan albasa zai koma gida. Na riƙe shi na ce, "Ka gaya ma Inna na ga gonar Nafi'u, kore shar take, jiya-jiya anka ba ta ruwa. Shina nan da rai! Ni za ni tsaya in yi magana da shi." Ɗan Jumma ya rungume ni, ya tada mashin ya tafi.

Na koma na tsayar da mutumina bakin iyaka. Ban shiga ba, na ce sai mai gona ya zo ya iske Yayanshi tsaye, in ga yadda zai yi. Na jera maganganun da za ni faɗa mashi, na faɗa da na Inna. Sai washegari da hantsi na ga wani ya nufo gonar da tulu. Mace ce, cikin masu dogayen kunnuwa. Ta buɗe ƙyaure kamar gidansu, ta bi layi-layi tana ban ruwa, ta tsuguna ta cire 'yar ciyawa. Na ce ko yaron ga ya canza kama ne don shaƙiyanci. Na rubuta, "Salamu alaikum."

Ta tsaya cak. Tun da na shiga ƙasar ga, ita ce ta fara amsa mani. Ta rubuta, "Wa alaikumus salam." Sai ta matso har gabana, ta tsaya tana kallon tabon fuskata, ta rubuta, "Nafi?"

A nan na gane ba shi ba ne. Na miƙa wa Baba Wasiyu wayar, don Turanci take yi, nawa kuwa bai wuce na firamare ba. Shi ya riƙa karantawa yana juya mani. Ta ce ita mutuniyar Indunusiya ce, gonarta ce ke maƙwabtaka da ta Nafi'u. Farkon buɗe wasan Nafi'u ya yi ta yi wa mutane sallama, ita kaɗai ta amsa, daga nan sunka saba. Ranar girbinta ya shigo ya kama mata ba ta roƙe shi ba, ya ce a garinsu ba a barin mutum ya yi girbi shi kaɗai. Ta ce yana yawan zancen Yayanshi, yana cewa zai zo ya ga shuka.

Na ce a tambaye ta yaushe rabonta da shi. Ta ce tun makonnin farko. Ranar ƙarshe ya gaya mata gobe za su sauka wani sabon rami mai zurfi, ta taimaka ta ba gonarshi ruwa har ya fito. Tun ranar take zuwa. Da ta gan ni da tabon nan ta zaci shi ne ya sake sabon mutum. Ta tambaya ko mun ji labarinshi, ita ma jira take.

Baba Wasiyu ya tsaya da karatun, na ce ya faɗi abin da ya rage. Ya ce ta ce masu wasan sun sa doka, gonar da mai ita ya daɗe bai shigo ba za a karɓe ta a ba wani. Ban ruwan maƙwabci bai hanawa, sai shi da kanshi ya shigo. Gonar Nafi'u ƙarshen wata za a share ta. Na ce a roƙe su, a gaya masu halin da ake ciki. Ya ce, "Lawwali, wa za a roƙa? Babu mai gari a nan." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana.

Na karɓi wayar na shiga gonar. Na bi ta layi-layi har kusurwar gabas na tsaya. Matar ta zo ta tsaya gefena. Ina zaune a barandar mutane, rana tsaka, manyan motoci na wucewa, na yi kuka kamar yaro. Ban ce ya mutu ba, har yau ban ce ba, don ban gani ba. Amma abin da na ratso daji da shi a zuciya, a nan ya ƙare. Sai kuma na tuna saƙon da na ba Ɗan Jumma, ga shi babu hanyar kiran gida.

Dawowar ban riƙe komi nata ba. Na san dai Baba Wasiyu ya raka ni tasha, ya ce in na sake zuwa tsintsiya na jirana. Jandarman nan ya gane ni ya ce, "An dace?" Na girgiza kai, ya sauke igiya bai karɓi katin ba.

Tun daga bakin lungunmu na ji ƙamshin mai. Wasunku sun ci wainar sadakar da Inna ta yi da jin albishirin Ɗan Jumma, kun sani. Matan maƙwabta na ta ce mani barka. Na iske Inna cikin zanenta na Sallah, ta share ɗakin da Nafi'u ke kwana, ta shanya bargonshi a igiya. Aka ce tun jiya take cin abinci har tana neman ƙari. Na jira sai da mutane sunka watse, na zauna gabanta na ce, "Inna, gonar na gani. Shi ban gane shi ba."

Ta ce, "Ɗan Jumma yac ce kore shar take."

Na ce, "Hakanan na. Amma ba shi ka ban ruwa ba, wata maƙwabciyatai ta." Na gaya mata zancen girbi, na gaya mata zancen ramin da abin da ya roƙi matar.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon bargon nan a igiya, sannan ta dafa ƙasa ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta buɗe 'yar tukunyar nan da ta gudo da ita daga Tsamaye. Ta fito da irin geron ƙulle cikin tsumma mai tsabta, ta sa mani a hannu, ta ce, "Ka kai ma matar ga. Ka ce uwar Nafi'u na gaishe ta, Allah shi saka mata. Ka ce ta yi haƙuri ta ci gaba da ban ruwa, kar shi hito shi iske ta bushe."

Na buɗe baki in gaya mata matar tana bayan teku, kuma ƙarshen wata za a share gonar ko an ba ta ruwa ko ba a ba ta ba. Na dubi fuskarta, na ce, "To, Inna."

Ƙullin da kuke gani rataye a rumfar faci kuna tambaya ko laya ce, shi ne. Watan ya ƙare shekaranjiya. Yau da safe, kafin in gama gaishe ta, Inna ta tambaye ni ko na samu mai zuwa wajen matar.